Ranar da Aka Ɗaure Rumfa da Piken Injiniya

Abin da na fara gani da na iso ƙofar gidan marigayi Injiniya Mamman shi ne jan fenti. Kafin in ga mutane, kafin in ga kujerun roba da lasifikar da aka rataya a jikin bishiyar dogon yaro, idona ya sauka kan wani guntun itace mai jan kai da aka buga a ƙasa, aka ɗaure masa igiyar rumfa. Na dubi igiya ta gaba, ita ma a jikin irinsa take. Na bi rumfunan tamfol ɗin da ido har ƙarshensu. Ko'ina jan kai, kowanne da lambarsa a gefe, da rubutun hannun da na sani.

Pike ake ce wa waɗannan itatuwa, kuma ba nan ne wurinsu ba. Wurinsu lungunmu.

A duk unguwarmu ta Malbaza babu lungun da ya kai namu gangare, gidanmu kuma shi ne a ƙarshensa. Kowace damina, ruwan da ya sauko daga bakin titi, wurin da manyan motocin siminti suke tsayawa, gidanmu yake nema. Bara ya ci gindin katanga har ɗakin Inna ya tsage, tsagar da ake hango hasken waje ta cikinta. Magini ya ce ɗakin ba zai ɗauki wata damina irin wannan ba. Injiniya maƙwabcinmu ne, ya daɗe da yin ritaya daga aikin gwamnati na hanyoyi da magudanan ruwa. Ya shigo ya dubi tsagar, ya sa yatsa a ciki, ya fita. Bayan ƴan kwanaki ya aika garin Bazaga aka zo da tsohon abokin aikinsa, Baba Arzika. Su biyu suka auna lungun tun daga titi har ƙorama, suka buga piken nan, domin a haƙa kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti. Ba a kai ga saran ƙasa ko sau ɗaya ba ciwo ya kwantar da Injiniya. Da ya rasu, dattawan unguwa suka ce a buɗe asusu don tunawa da shi, a gina kanibon da ya auna. Taron ranar, bayan addu'ar arba'in, na tara gudummawa ne.

To ga piken, suna riƙe da rumfa.

Ni ban kwana gida ba. A gidan gwaggota na kwana muna suyar masar sadaka, daga can na wuto. Tun jiya Inna ta ƙulle gudummawar gidanmu a bakin wani ƙyalle ta ba ni, don ita ciwon ƙafa ba ya barin ta fita. Ta ce in miƙa wa Nomau sanƙira, mai shelar abin da kowa ya kawo. Wannan kaɗai ya ishe ni damuwa, domin ni ko a lakwal, wato makarantarmu ta boko, in mushe malaminmu ya kira sunana, ji nake kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Ban wahala wajen gano wanda ya yi aikin ba. Wana, Yaya Salifu, shi da ƴan fadarsu ta shan shayi aka ba kafa rumfa. Yana ci-rani a Sakkwato lokacin da aka yi awon, bai daɗe da dawowa ba. Na gan shi yana zagayawa yana taka igiyoyin da ƙafa don ya ji ƙarfinsu, yana ce wa abokinsa Ɗanladi mai kabu-kabu, "Ka ga sa'a ko? Turaku a shirye, an hiƙe su, har da fenti."

"Ai in an gama sai a bar wa mata su hura wuta," in ji Ɗanladi. "Kowa ya san inda lungun yake."

Na sami wuri a gefen mata, a bakin rumfa, na zauna. Piken da ke kusa da gwiwata shi ne na ƙofar gidanmu. Na gane shi da sawun haƙoran akuyarmu a gefensa, tun ranar da ta ɗanɗana shi Inna ta jefe ta da ludayi.

Ɗan gaba da ni, a kan tabarma, Baba Arzika ne zaune. Da safen nan aka kawo shi daga Bazaga a amalanke. Ciwon yana ya rufe masa ido, ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Ko a awon lungunmu da baki Injiniya ya riƙa yi masa jagora. Amma kunnensa lafiya lau, shi ya sa ya ji abin da Ɗanladi ya faɗa bayan ƴan fada sun zauna sun ɗora butar shayi.

"Ni ban ga abin taro ba," in ji Ɗanladi. "A ba mu diga da shebur ran Asabar, kahin la'asar mun gama. Rami na hwa. Rami ma sai an yi karatu?"

Baba Arzika ya juyo da kunnensa. "Wa ka magana?"

"Ɗanladi na, Baba."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Alu mahauci."

"To ɗan Alu, matso. Ubanka ya san inda a ka sa wuƙa, kai ko inda ruwa ka bi ba ka sani ba. Ku matso duka, ku taho da shayin."

Suka matso suna ƙyafta wa juna ido. Ni ma na gyara zama, na rufe piken da bakin zanena.

"Aikina na hwarko da Injiniya," in ji shi, "can wajen Konni na, lokacin da a ka yin magudanai na lambuna. Ni ruwa nika kai ma ma'aikata bisa jaki. Shi ko yaro na, hitowarshi makaranta ke nan, wando ya matse shi awa a jikinshi anka ɗinka. Shina neman mai riƙe mishi mira. Mira wani dogon katako na mai lambobi, ya hi mutum biyu tsawo. Ka aza shi ƙasa, ka tsai da shi cak, shi kuma daga nesa shina leƙen lambar. Shi ke nan aikin. Kun ji sauƙi ko? To mutane sun gwada gabanina. Wani ya sosa kai. Wani surukinshi ya zo wucewa, ya duƙa gaisuwa har ƙasa, mira ta duƙa tare da shi. Ni da anka kira ni, ashe bisa gidan cinnaka anka tsai da ni. Sunka hau, sunka shiga inda ba a hwaɗi gaban mata. Hawaye na zuba, ban motsa ba. Da yag gama yaz zo yad dube ni yac ce, ‘Kai mi sunanka?’ Nac ce, ‘Arzika, amma bari in tuɓe wando tukuna.’"

Matan da ke kusa da ni suka rufe baki da mayafi. Ƴan fada kuwa har da buga cinya.

"Ku yi dariya. Damina ta wuce, rani ya shigo, bai koya mini komi ba sai tsayuwa. Akwai ɗan ƙwan iska cikin ruwa a jikin mira, in ya kauce tsakiya ka karkace ke nan. Ido ɗaya ga ƙwai, ido ɗaya ga hannun Injiniya, don nesa ba a jin magana. Hannu dama, ka matsa. Hannu sama, ka ɗaga. Hannu biyu bisa kai, ka yi shirme, ka shirya shan hwaɗa. Na tsaya cikin laka har ƙugu. Na tsaya tsakiyar kasuwa, wata tsohuwa ta ɗauka dogarin haraji ne ni, ta kwashe kukarta ta ruga. Na tsaya bijimi na shinshinar ƙeyata, makiyayin na can nesa shina ce mini, ‘Bai tunkuri, sai in ka motsa.’ Nac ce, ‘Ka same ni kan sana'ata.’"

Nan lasifika ta yi kuka, Nomau sanƙira ya hura makirufo. "Jama'a ku ji! Direbobin motocin siminti sun kawo buhuna, ga su can an jibge! Allah shi saka! Hajiya Mariya mai tuwo ta ce masu haƙa ba su dahuwa gida har a gama! Allah shi saka!" Jama'a suka amsa. Na taɓa ƙyallen Inna a hannuna, na ce bari a ɗan jima.

"Ran da munka soma wata hanya wajen Dogarawa," Baba Arzika ya ci gaba, "bazara ce, ƙasa na cizon ƙahwa ta cikin takalmi. Sai ga Injiniya ya sayo lema sabuwa, babba. Nac ce Allah shi yi ma yaron ga albarka, ya tuna da mu. Ashe ta nibo ce. Nibo shi na abin leƙen, mai zama cikin akwatin katako, in za a aiki a aza shi bisa ƙahwa uku. Wai in rana ta buge shi sai shi yi ƙarya. Anka ɗauki mutum guda aikinshi riƙe ma nibo lema, shi kanshi mai riƙon yana cikin rana. In mun shiga mota, nibo na gaba bisa cinyar Injiniya awa jinjiri, ni ina baya da guduma da gwangwanin fenti. In mota ta hwaɗa rami, ba ya ce Arzika kana nan? Sai shi buɗe akwati shi duba."

"To mi ya hana ka yi zuciya, Baba?" in ji Yaya Salifu, yana miƙa masa shayi.

"Zuciya da wa? Da ƙarhe? Kuma irin na da na, komi juye yake nunawa. Duk zaman da munka yi, Injiniya da ƙahwahuna sama yake ganina. Wata rana munka gamu kasuwar Konni na gaishe shi, ya tsaya shina dubana. Yac ce, ‘Arzika, kai na? Ban saba ganinka ta wanga gehe ba.’"

Ya kurɓi shayin, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya shanye.

"Wani Alhaji can wajen Illela ya kira mu lambunshi na albasa. Rijiya nan, lambu can, shina son ruwa shi gangara da kanshi. Ido ya ce lambu na ƙasa. Ni ma haka na gani, wallahi. Munka auna, nibo yac ce lambu ya hi bakin rijiya tudu. Alhaji yac ce a sake. Munka sake. Yac ce a sake, za ya ba mu rago. Injiniya yac ce, ‘Alhaji, ni ina cin rago, amma ba ni za ni gangara ba.’ Alhaji ya kore mu, ya kira wasu ƙatta sunka haƙa mishi da ido, irin naku na ran Asabar. Har yau in kun tahi kuna ganin ramin. Rami mai kyau. Zabi ka ƙwai ciki."

Ɗanladi ya sosa ƙeya. "Amma namu lungun ai gangare na, Baba, ko jinjiri ya gani."

"Gangare zuwa ina? Zuwa ɗakin matar Issa, shi na abin da muka son hanawa." Inna yake nufi. "Ana son ruwa shi wuce ƙoharta bai tsaya gaisuwa ba. Wani wuri a haƙa ƙwarai, wani wuri kaɗan. Wa za ya gaya muku? Pike."

Da ya ambaci kalmar, na ji kamar itacen da ke ƙarƙashin zanena ya yi motsi.

Nomau ya sake hura makirufo. Masu amalanke sun yi alkawarin yashi daga ƙorama. Wani makiyayi da Injiniya ya taɓa gyara wa wurin shayar da dabbobi ya jawo rago har gaban kwamitin asusun, ragon ya ƙi tsayawa a yi masa addu'a. Sai wakilin meri, wato ofishin magajin gari, ya tashi, da babbar riga mai sitati da takarda a hannu, ya shiga jawabi a kusurwar rumfar da ke gefena. Ba wanda ke sauraronsa a wajenmu, kowa na wajen tsoho.

"Pike ba turken akuya ba na," in ji Baba Arzika. "Kowane ɗaya, in buga kaɗan, in aza mira bisa kanshi, Injiniya shi leƙa, shi ce ƙara. In ƙara, shi ce ya yi yawa, cire mu sake. Har kan shi tsaya daidai inda anka so. Daga wanga kai a ka auna zurhin rami. In ya nutse da kaurin yatsa, ko ya taso da kaurin yatsa, an ɓata. Ga shi da maƙiya. Gara na ci ta ƙasa, awaki na ci ta bisa, yara na langa da shi, mata na tahiya da shi murhu. Amma duk wanda yac cire yat tahi da shi, da sauƙi. Ka zo ka ga babu, ka yi zagi, ka sake awo. Mugun shi na wanda yac cire yam maida."

Yaya Salifu yana cikin zuba shayi daga sama. Na ga hannunsa ya tsaya, shayin ya ci gaba da zuba a gefen kofi.

"Shi yaj ja muna muguwar shekara. Wani ƙauye na, ba ni hwaɗin suna, jikokinsu na nan. Ƙorama na shiga musu gari, anka aike mu mu yi mata hanya ta bayan gari. Munka auna, munka buga pike, munka koma gida Salla. Ashe wani bawan Allah ya zo da amalanken kara, pike sun tare mishi hanya, ya cire su ya wuce. Kuma mutumin kirki na, tsoro yaj ji, ya komo ya maishe su ɗaya-ɗaya, ya buga, ya share wurin da tahin hannu. Munka komo munka iske abinmu tsaf. Anka haƙa, anka zuba siminti, anka yi buki, anka yanka sa. Ruwan hwarko, ƙorama ta zo ta dubi hanyar da munka yi mata, tac ce ba ta so. Ta bi ta kasuwa. Ta bi ta rumbuna. Allah ya tsare rai, amma mai gari bisa rumbu munka iske shi, rawani a hannu, shina kiran sunan Injiniya da na uban Injiniya."

Wannan karon ƴan fada ba su yi dariya ba. Ɗanladi yana duban gindin rumfa ta gefen ido.

"Anka kira Injiniya Tawa, anka tsai da shi cikin buro, gaban manyan ofis, awa ɗan lakwal. Ya komo ya ɗauki guduma. Rani guda muna hwasa abin da munka gina. Mutanen garin ko hura ba su saida muna. Wake da ruwan rijiya, sahe da marece, har in munka shiga mota direba sai shi buɗe gilashi. Yara sunka yi muna waƙa. Sai daga baya matar mai amalanke ta saki zancen wurin ɗibar ruwa. Tun ran nan, in munka buga pike, Injiniya sai ya bi gida-gida ya yi bayani, awa mai neman zaɓe."

Haka ya yi a lungunmu ma. Har ɗaki ya shigo ya gaya wa Inna. Yaya ne kawai ba ya nan.

Baba Arzika ya ajiye kofi. "Bayan la'asar ɗayanku shi kama hannuna mu bi lungun. In shahwa su ɗaya-ɗaya in gwada muku yadda a ka karanta su. Aikin hannunshi na ƙarshe ke nan."

Yaya Salifu ya tashi a hankali, ya ja Ɗanladi, suka zo suka tsaya a bayana, inda suke zaton babu kunne.

"Da an tada salla," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa, "mu cire su, mu ɗaura igiya ga duwatsu, mu ruga mu maida. Ramukan na nan. Tsoho bai gani."

"Lambobin hwa?"

"Wa za ya duba lamba?"

Na juya. "Yaya," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Ke Balki, ba ki ga komi ba, ba ki ji komi ba. Kin ji ko?"

Na sunkuyar da kai. Ta ƙarƙashin tamfol ina hango gabas, hadari ya fara haɗuwa can ƙasa, irin wanda yake zuwa ya watse kafin na gaske. Na tuna tsumman da muka cusa a tsagar ɗakin Inna. Na dubi Baba Arzika, taku kaɗan ne tsakaninmu. Na shirya maganar a bakina, na buɗe, ba ta fito ba. Na sake shiryawa. Can masallaci na ji ladan yana gyaran murya.

Sai na kama piken da hannu biyu. Ƙasar wurin rairayi ce, igiya kuma ta riga ta ja shi. Na girgiza shi gaba da baya, ya fito kamar rogo.

Ban yi lissafin abin da igiyar take riƙe da shi ba. Sandar kusurwa ta yi tunani kaɗan, ta kwanta. Tamfol ya sauko ya rufe wakilin meri a tsakiyar jawabi, ya haɗa da ma'ajin kwamiti da ragon makiyayi. Aka yi ta salati. Daga ƙarƙashin tamfol ana jin muryoyi uku, ta ragon ce ta fi fitowa. Ni dai na rarrafa na isa tabarma, na sa piken a hannun Baba Arzika.

Ya shafa shi daga kai har tsini. Ya kai shi dab da ido. Ya shinshina fentin.

"Wa ab ba ni wanga?"

"Ni ce, Baba. Balki, ɗiyar Issa."

"Daga ina?"

"Daga rumfa."

"Shi ɗai?"

"Duka," na ce. "Kuma ana so a maida su lokacin salla."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban maza ba. Baba Arzika ya riƙe piken har aka gama zaro wakilin meri, sitatin rigarsa duk ya karye. Sannan ya ɗora hannu biyu a kansa, kamar yadda ya ce Injiniya yana yi.

"Kun tara mutane ku tuna da shi," ya ce, "kun zauna inuwar aikinshi."

Labari ya zagaya rumfa kafin a gama alwala. Shugaban kwamiti, Malam Hamidu, tsohon darektan lakwal ɗinmu, ya zo ya tsuguna a gaban tsoho. "To Baba, ba sai a maida kowane raminsa ba? Ga lambobi."

"Mushe, ba ka ji abin da nac ce ba? Rami na gwada hanya, kai na gwada zurhi. Kan ya tahi. Sai an sake leƙawa."

"Akwatin yana nan cikin gida. Kai da ka yi rayuwarka cikin aikin, ba sai ka leƙa muna ba?"

"Da wane ido? Kuma ko da ido," sai ya gyara hula, "ni ban taɓa leƙa abin ga ba. Ko sau ɗaya. Ni ina wancan gehen. Wanda a ka leƙe na ni."

"Duk shekarun ga, Baba?" in ji Ɗanladi.

"Kai rufe mini baki, ɗan Alu. Ka taɓa ganin ƙeyarka?"

Aka tsaya shawara a tsaye, liman yana jira. A ƙarshe aka yanke cewa gobe Malam Hamidu zai shiga mota zuwa Konni ya ɗauko ma'aikacin awo, a biya shi daga asusu. Hajiya, matar marigayi, ta aiko daga ciki cewa akwatin da mira suna nan, a ɗauka. Baba Arzika ya ce in ramukan ba su ɓace ba, aikin ba zai yi tsawo ba, za a riga ruwa. Amma in shanun gari suka dawo da marece suka bi ta lungun, sai dai a fara tun daga titi. Don haka aka ce da an idar da salla ƴan fada su kwashi duwatsu da fasassun tukwane, su kife a kan kowane rami, kada wanda ya kuskura ya sa ko tsinke a ciki. Aka ce ni in bi su in nuna, tun da ni na san wuraren. Duk aka juyo ana dubana. Na rasa inda zan sa ido, sai na miƙa wa Nomau ƙyallen Inna, tun da ga shi a tsaye kusa.

Na ɗauka an gama. Ashe Baba Arzika bai huce ba.

"Saura abu guda," ya ce. "Wanda yac cire, ina son sunanshi. Wancan na amalanke ban same shi ba sai da ya tsuhwa. Wanga ba shi kuɓuce mini. Nomau, ka iya shelar mai buhu da mai rago, yau ka yi shelar mai pike. Gari duka shi ji."

Ƴan fada kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Yaya Salifu yana bayan Ɗanladi, ya ƙanƙance kamar an wanke shi da ruwan zafi, har yanzu butar shayi na hannunsa. Bai dube ni ba. Kunnuwansa kawai nake gani.

Ni da na ga fenti tun daga nesa, na ga sawun haƙoran akuya, abu ɗaya ya wuce ni ranar. Ban lura Nomau ya riga ya duƙo ya kawo makirufo dab da bakin tsoho ba, kuma a kunne yake. Na matsa na durƙusa a gefen tabarma, na kai bakina kusa da kunnen Baba Arzika, na tattara ɗan abin da ya rage mini na murya.

"Baba, don Allah kada a faɗi sunansa a lasifika. A bari ya kife duwatsun tukuna. Inna tana jin lasifika daga gida, kuma muciya tana kusa da ita."